Kududdufin da Malam Gwadabe Ya Sa a Cike

Hansai na kwashe tuwo, rana ta gama faɗawa bayan kogi, ladan bai riga ya kira magariba ba, sai wani abu ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta sa ludayi ta tsamo. Tsingaro ne, guntun fasasshiyar tukunya, da ɗanyen taɓo a jikinsa. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ba kowa. Kaji sun shige akurki tun da wuri, unguwar kuma ta yi wani irin tsit da ba ta saba yi ba. Tana nan riƙe da ludayi sai na biyu ya faɗo, na uku ya bugi randa.

Mijinta Malam Gwadabe na zaure, ya baje taswira a kan tabarma. Shi ne malamin awon fili da aka ɗora wa aikin tsara Wudil a shekarun nan da lori ya fara yawa a kan gada, baƙi suka yi ta sauka, kowa na dasa bukka inda ya ga dama. An yi sabuwar doka: kada a ƙara gini sai a kan layi, majema su koma bayan gari, masu ginin tukwane su daina gashi a tsakiyar gidaje saboda gobara, kududdufai kuma a cike su saboda sauro. Aikin ya dace da mai shi. Mutum ne da ko tabarma aka shimfiɗa masa a karkace sai ya miƙe ya gyara ta kafin ya zauna.

"Malam, jifa ake yi mana," in ji Hansai daga bakin ƙofa.

"'Ya'yan masu tukwane ne," ya ce, bai ko ɗago ba. "Haushin tashin da aka yi musu ne. Zai wuce."

Bai wuce ba. Kullum da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai tsingaro ya fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana da sauran aiki a hannu. Gwadabe ya hau soro ya duba, ya zaga bayan gida da sanda, bai ga ko sawun akuya ba. A rana ta huɗu aka fara jin muryoyi a ɗakin da ake ajiye hatsi, ƙasa-ƙasa, irin na mutanen da suka sauka a gidan da ba nasu ba suna shawarar inda kowa zai kwanta. Wani lokaci har da kukan jariri. Hansai ta daina cin abinci. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Gwadabe dai bai fasa fita aiki ba. Sabuwar hanyar da ya ja a taswira ta taso daga bakin kara, inda ake cinikin shanu, ta miƙe sak zuwa hanyar mota, kuma ta ratsa ta tsakiyar wani tsohon kududdufi. Jakuna na ta zuba masa ƙasa da shara da fasassun tukwanen da masu ginin suka bari. Da ya ga tsingaron gidansa ya gane irinsu ne, amma ya haɗiye abinsa bai gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba da almuru, 'yarsu Barakatu, mai shekara goma sha uku, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu, ta ɗauki buta za ta yi alwala. Sai ta tsaya cak. Butar ta suɓuce. Ta tsuguna ta fara tattara tsingaron nan tana jera su a da'ira, tana magana da wata murya ta tsohuwa, busasshiya.

"A nan za mu sa yara," ta ce. "Can kuma madafi."

Uwar ta kira sunanta sau uku, ba ta waiga ba. Kwana biyar ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta gane kowa ba. Idanunta suka faɗa, wuyanta ya zama siriri. Gwadabe, wanda bai yarda da abin da sarƙar awo ba ta auna ba, ya zauna a bakin ɗakin yana kallon 'yarsa tana ƙarewa, tsoro ya cika shi har ya kasa riƙe fensir. A rana ta shida ya hau keke ya nufi Indabo, ya zo da Malam Isyaku, wani tsohon malami da aka sani da aikin fitar da aljanu.

Malam Isyaku ya iso bayan la'asar. Bai tambayi komai ba. Ya sa aka turara ɗakin, ya zauna ya yi ta karatu a hankali har hasken ƙofa ya koma ja. Yarinyar ta fara makyarkyata, ta toshe kunnuwa, sannan ta miƙe zaune ta gyara ɗankwali irin na manyan mata.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona mini yara."

"Wace ce ke?"

"Yelwa. Mu ne masu kududdufin bayan kara. Tun kakan kakan wannan mutumin na yawo ba wando muke wurin."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta nake nema, shi kuwa ba ya jin magana sai ta bakin abin da yake so." Ta juyo da idon Barakatu kan Gwadabe. "Da za ka tashi majema, ka sa mai shela ya zaga Juma'a uku a kasuwa. Masu tukwane ka auna musu fili. Shanu ka ba su nasu, har juji ka yi masa wuri a takardarka. Mu kuwa ko sallama ba ka yi mana ba, sai ƙasa muka ji a ka. Wanda ya rushe mana gida, ai gidansa za mu zauna. Kayan da ka zuba mana ne muke dawo maka da su."

"Ban san da ku ba," in ji Gwadabe.

"Ka tambaya? Kowace tsohuwa a unguwar ta san ba a ɗibar ruwa a wurin bayan magariba."

Malam Isyaku ya ce, "An yi miki ba daidai ba. Amma jikin 'yar mutane ba fili ba ne. Ki fita, a nema muku wani wurin a bakin kogi."

"Bakin kogi da masu shi. Kai ka san yadda garinku ya cika, kana zaton namu bai cika ba?"

Suka yi ta ja. Ta ce a kwashe duk ƙasar da aka zuba, malam ya ce wannan ya wuce. Ya ɗaga murya da karatu, ta yi kuka ta sauko. Daga ƙarshe ta yarda da rabin kududdufin da ba a riga an cike ba, da sharaɗin hanya ta kauce masa, kuma a rubuta a takarda cewa ba mai gini a wurin.

"To, Gwadabe," in ji malam, "saura kai."

Gwadabe ya ɗauko taswirar ya shimfiɗa a gaban fitila. Ya san abin da zai gani. Hanya in ta kauce gabas, za ta bi ta kan sabon filin masu tukwane, waɗanda ko wata biyu ba su yi da kafa rumfuna ba, a sake tashin su ke nan. In ta kauce yamma, za ta cinye fili guda da ke kan kusurwa, wanda aka ba shi ladan wahalar shekara ashirin, inda ya riga ya tara tubali zai fitar da iyalinsa daga wannan matsattsen gida. Gobe kuma sai ya tsaya gaban hakimi ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa hanyarsa ta karkace, 'yan ofis su samu abin dariya na shekara.

Hansai ta matsa kusa da 'yarta. Numfashin yarinyar kawai ake ji, yana fita da ƙyar.

Ya goge layin da hannunsa, ya ja sabo ya lanƙwasa shi yamma. Layin bai yi kyau ba. A kan kududdufin ya rubuta ba a gini a nan, ya juya takardar ya nuna wa Yelwa.

Ta daɗe tana dubawa. "Mun gani," ta ce. "Ku tashi, yara."

Barakatu ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta. Ɗakin ya yi shiru, har ana jin ladan daga nesa. Can ta buɗe ido, ta dubi uwar, ta dubi baƙon malami, sannan ta tsaya a kan ubanta da ke durƙushe bisa takardar da bai taɓa barin kowa ya taɓa ba.

"Baba," ta ce da muryarta, siririya, "hawayenka na ɓata maka aiki."

"Bar shi ya ɓaci," ya ce. "Hansai, ba ta ruwa."