Wayar da Ke Dawowa da Zafi

Sufeto Ubaidullahi na ofishin 'yan sanda na Gwaram mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya duba me kake nema. Da Munawwara ta shigo da hantsi idonta jawur, haka ya dube ta.

Ma'aikaciyar wata ƙungiya ce mai rajistar manoma a garin Sara. Ƙungiyar ta ba ta waya da layi mai data, bisa sharaɗin kamfanin layin cewa ba a kunna hotspot a raba wa wasu wayoyi datar. Yanzu kamfani ya rufe layin, ya ce an raba. Shugabanta ya ce ta wanke kanta kafin Litinin ko ta ajiye aiki.

"Ranka ya daɗe, kama ni za a yi?"

"Karya sharaɗin kamfani tsakaninki da su ne, ba aikinmu ba ne. Amma in wani ya taɓa miki waya ba izini, wannan namu ne. Yaushe suka ce ana rabawa?"

"Tsakanin azahar da la'asar."

"Ina wayar take lokacin?"

"Wurin caji, shagon yayana Ɗanbala. Shi kam cire shi, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Sufeto bai cire kowa ba. Ya ɗauki hularsa, suka nufi Sara.

Ɗanbala ya tarbe su da fara'a har da shimfiɗa tabarma, abin da ya ƙara wa Sufeto zargi.

"Yallaɓai, ni jonawa nake in cire. Ko lambar buɗe wayar ban sani ba."

"Tana cika?"

"Fal."

"Ba ta cika fa, Yaya," in ji Munawwara a hankali. "Kuma da zafi take dawowa. Ka ce batir ne."

Sufeto ya san hotspot kan sa waya zafi ya hana ta cika, sai ya fito. Gefen shagon dogon benci ne ba kowa a kai, sai Sada mai rake yana korar ƙudaje.

"Malam Sada, ya kasuwa?"

"Ina kasuwa? A da, bayan azahar bencin nan ba masaka tsinke, kowa kai a sunkuye yana latsa waya yana shan rake. Tun Laraba ɗif, kamar an yi shara."

Ranar Laraba aka rufe layin.

Sufeto ya koma shago, ya karɓi wayar Munawwara, ya kunna hotspot da kansa, ya ajiye ta a tebur cikin wayoyin da ke caji. Layi a rufe yake, amma duk wayar da ta taɓa shiga za ta koma da kanta. Kafin ya gyara zama sunayen wayoyin da suka shiga suka fara jeruwa a fuskar wayar. Na farko a sama, wayar da ke aljihun Ɗanbala ce.

"Wayarka ta san hanya, kai ne ba ka sani ba?"

Ɗanbala ya amsa laifinsa. Ya ce a kan idonsa Munawwara take buɗe wayar kullum, ya haddace lambar. Masu zama a bencin kuwa biyansa kuɗin data suke yi.

"Na ɗauka data ta ƙungiya ce, ba mai ciwon kai."

Munawwara ta daɗe tana kallonsa. Baƙin cikinta ya fi na ranar da aka rufe layin.

"Yaya, a shagon nan na zauna ina kuka, kai kake ba ni haƙuri, har kana tsine wa wanda ya yi."

Sufeto ya gaya mata gaskiya: ƙungiya ba za ta wanke ta ba sai ta shigar da ƙara, ƙara kuwa kotu za ta kai yayanta. Ya bar mata zaɓi, don shi ma abin bai yi masa daɗi ba.

"Ki tuna Inna," in ji Ɗanbala.

"Da albashin nan nake saya mata magani."

Ta ce a rubuta ƙarar. Aka sa Ɗanbala a bayan mota, ita ta shiga gaba, har Gwaram ba ta waiwaya ba.