Wa Ya Tayar da Lifta a Gidan Tambari?

Ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na rana aka zaro gawar Malam Saleh Abaji daga ramin lifta na Gidan Tambari, wani bene mai hawa tara a Garki. Shekara goma sha huɗu yana gyaran akwakun nan mai kai mutane sama, ranar kuwa liftar ta sauko ta danne shi. A lokacin farar hula sun dawo mulki, benaye na tsirowa a Abuja kamar gero bayan ruwan fari. Kowa na son a ce shi ya gina, ba mai tambayar wa ke riƙe da ginin. Haihuwa ba ita ce wuya ba, raino ne aiki.

Sufeto Zacharias ya tarar an riga an yanke hukunci kafin ya iso. Manajan kula da ginin, wani matashi mai suna Al-Amin, wanda mako uku ke nan da kamfaninsu ya karɓi kwangilar gidan, shi ya tare shi.

"Yallaɓai, maganar a fili take. An ɗauke wuta ƙarfe ɗaya da kwata, Thaddeus ya tayar da janareta, lifta ta sauko. Marigayi ya manta bai kashe babban makunni na ɗakin injin sama ba, kuma bai karɓi jan kati ba."

"Mene ne jan kati?"

"Tsarin da na kawo. Mai shiga rami ya zo ofishina ya sa hannu, ya karɓi kati ya rataya a makunni. Haka ake yi a duniya."

"Kai kana ina a lokacin?"

"A ƙasa, ina jiran manyan baƙi."

Thaddeus mai janareta bai musa ba. Dattijo ne ɗan Filato, yana ɗingishi da gwiwar hagu. Da kansa ya miƙa hannu aka sa masa ankwa. Kafin la'asar kamfani ya buga waya Abaji ya shaida wa iyalin Saleh wanda ya yi sanadi.

Washegari Sufeto ya sa aka fito da Thaddeus daga sel.

"Baba, in an kashe makunnin sama, janaretarka za ta iya motsa lifta?"

"Ko goma na tayar ba za ta motsa ba, oga."

"To me ya sa ka ce kai ne?"

"Ni na kawo wutar. Kwano ɗaya muke ci da mutumin nan, shi ya kai matata asibiti ranar haihuwar 'yata Alice. In ya manta, ni ya kamata in leƙa ramin." Sannan ya ce, "Sai dai hularsa ke damuna."

"Wace hula?"

"Saleh ba ya karatu, ba ya sa hannu a takarda. In ya kashe makunni sai ya cire hularsa ya kifa a kai, ya sa hular kwano ya sauka. Duk tsofaffin gidan sun sani, in ka ga hula, mutum na cikin rami. Jiya an ce babu hula a makunni. A wajen gawa ma ban gan ta ba."

"Mukullin ɗakin injin nawa ne?"

"Uku. Nasa, nawa, da na manaja."

Na Saleh a aljihun gawa aka same shi. Mai gadi kuma ya ce yana ganin Thaddeus a bakin janareta tun da aka ɗauke wuta har aka ji ƙara. Mai irin gwiwar nan ma, hawa tara sai ya ci masa rabin awa.

Sufeto ya koma Gidan Tambari, ya taka matakala har ɗakin injin. Makunnin na kunne, babu komai a kansa. A daɓen akwai kafa inda igiyoyin ƙarfe ke ratsawa zuwa ƙasa. Ya durƙusa ya daɗe yana leƙe. Ya sauko hawa na ɗaya, ya sa aka buɗe ƙofar lifta da ƙarfe, ya haska rufin akwakun da tocila. Ga hula nan, zanna ce ruwan toka, bakinta ya ci maiƙo.

A matakala ya haɗu da Lucy mai goge-goge.

"Jiya da azahar kina ina, madam?"

"Hawa na takwas. Ni ba ni da mukulli, oga, bokiti kawai gare ni. Shi ma ya jawo mini tsiya."

"Wace tsiya?"

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar takarda. "Na ajiye shi a hanya. Oga manaja ya taho da gudu yana haki, ya yi tuntuɓe. Nan take ya zaro littafi ya rubuta mini gargaɗi. Shi ko tari ka yi sai ya ba ka takarda."

Sufeto ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.

Ofishin Al-Amin tsaf yake, jajayen katuna jere a bango ba wanda ya taɓa. Sufeto ya zauna ba a ce masa zauna ba.

"Malam Al-Amin, ka ce kana ƙasa. Wannan rubutun wa?"

Ya shimfiɗa takardar. Hawa na takwas, ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyu, da sa hannu. Sannan ya ɗora hular a kanta.

"A rufin lifta na same ta. Saleh yana ƙarƙashi, hularsa tana sama. Ba ta da hanyar zuwa wurin sai ta kafar ɗakin injin. Wanda ya jefa ta ya zaci za ta faɗa rami kusa da mai ita, a ce da ita ya sauka. Ya manta akwakun na tsakani. Lebura ba zai yi wannan kuskure ba, sai wanda ya san lifta a takarda. Mukulli uku ne, biyu na san inda suke."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Al-Amin ya dubi hular, sannan ya fara magana.

"Baƙi na tsaye a ƙasa, shugaban kamfani na ta kirana a waya. Na hau, na ga makunni a kashe, babu kati. Na ɗauka wani ya rataye hularsa ya manta. Na cire, na kunna. Sai na ji muryar Saleh ta taso ta kafar nan." Ya share fuska da hannun riga. "Shekara huɗu na karanta aikin nan, yallaɓai. So nake ya zama sana'a mai mutunci, a daina kiranmu masu shara. Katin nan don kada wani ya mutu na kawo shi."

"Katin ba shi da laifi. Amma da ka zo, ka tara waɗanda ka tarar ka tambaye su yadda suka yi shekara goma sha huɗu ba a mutu ba?"

"Ban tambaya ba."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kunna makunni tsautsayi ne, alƙali zai auna shi. Amma ka jefa hula, ka bar tsoho ya kwana a sel yana cewa shi ya kashe amininsa. Wannan da hankalinka ka yi. Tashi mu je."

Da la'asar aka saki Thaddeus. Bai yi murna ba. Abin da ya fara tambaya shi ne yaushe za a yi jana'iza.

"An yi da safe, Baba."

Ya jingina da bango. "Kuma har yanzu a Abaji sun san ni ne. Da wane ido zan shiga gidan?"

"Da nawa. Shiga mota."

Sun isa rana na shirin faɗuwa. Masu zaman makoki na ganin Thaddeus suka kawar da kai. Sufeto ya tsaya a bakin tabarma, ya faɗi abin da ya gano tun daga farko, da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji. Can sai labulen zaure ya motsa, matar Saleh ta yi magana daga bayansa, muryarta a dushe.

"A ba Baban Alice wuri ya zauna. Tun jiya nake cewa ba shi ba ne, ba wanda ya saurare ni."

Thaddeus ya cire takalmi. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, sai da mutum biyu suka riƙe shi ya kai ƙasa.