Saƙon da Ya Faɗa Wayar Baba

Soket ɗaya tal ke aiki a ajin koyon haɗa shafin intanet, kuma a ranar farko Auta ta tarar wani dogon saurayi ya riga ta cusa cajarsa a ciki. Laftof ɗinta kuwa tsohuwa ce, gadon yayanta, da an zare ta daga wuta take ɗaukewa.

"Malam, don Allah ɗan cire taka, tawa za ta mutu."

Maimakon ya cire, sai ya miƙo wuya ya leƙa allonta.

"Ba caji ne damuwarki ba. Kin rubuta ba ki adana ba, shi ya sa shafin ya fito fari fat."

"Na tambaye ka?"

"Ba ki tambaya ba, amma tunda na gani ba zan iya yin shiru ba."

Ta galla masa harara, ta jira ya kau da kai, sannan ta danna adanawa a ɓoye. Rubutun ya fito tar. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Tun daga ranar ta sa masa suna Malam Gyara, shi kuma ya rama da 'Yar Gardama.

Kada ku ɗauka wani gwani ne. Ɗan koyo ne kamar kowa, 'yan bidiyoyi kawai ya kalla a shagon buga takardu na kawunsa, ya shigo aji yana ɗaga kafaɗa. Washegari nasa shafin ya watse, hoto ya hau kan rubutu, kuma Auta ce ta gano ya buɗe wani sashe bai rufe ba. Ta yi sati tana yi masa gori.

Da Malama ta tashi raba ɗalibai biyu-biyu, sai ta haɗa su.

"Tunda kullum kuna cikin cacar baki, ku haɗa aiki. Ku nemi sana'ar gaske ku yi mata shafi."

Auta ta zaɓi shagon mahaifinta. Baba kafinta ne, mutumin da bai yarda da duk aikin da ba ya barin ƙura a jiki ba. Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya bar ta shiga makarantar, shi ma da sharaɗi.

"Karatu kika ce, na yarda da karatu. Ranar da na ji wani abu daban, kin gama da wannan danne-dannen."

A ransa yana da wani lissafi. Abokinsa mai sayar da katako yana da ɗa, wanda kan zo shagon da takardar kaya a hannu da turare kamar an yi ɓarinsa. Duk sanda ya ga Auta da laftof sai ya ce, "Ƙanwata, har yanzu ana wasan yaran?" Ita kuwa ko sunansa ba ta son ji.

Aiki ya kankama, faɗa ma ya kankama. Ita tana son bangon shafin ya yi ruwan katako, shi ya nace sai shuɗi. Sun kwashe yini guda suna fama da hoton kujera ɗaya, sun tura ta tsakiya ta gudu hagu, sun jawo ta ta faɗa ƙasa.

"Wallahi ɗaukar kujerar gaske ya fi wannan sauƙi," in ji Auta, ta dafe kai.

"Ba ni in gwada."

"Taɓa min laftof ka gani!"

Hoton gadon da ta ɗauka ya yi nauyi, sai mutum ya gaji da jira kafin ya buɗe. Sun gyara ya yi kyau a kwamfuta, suka duba a waya suka ga kabad ya koma siriri kamar sanda. Auta ta sha rantsuwar ta bar karatun, gari na wayewa sai ga ta ta riga kowa zuwa. Kuma in ta zo takan tarar ya tsare mata soket, ya ɗora jakarsa a kan kujerar da ke kusa da shi.

Abu na ƙarshe da suka haɗa shi ne akwatin saƙo. Mai son kaya zai rubuta sunansa da lambarsa da abin da yake so, ya danna maballi, saƙon ya faɗa wayar mai shago. Don gwaji, Auta ta sa lambarta.

Da yamma tana gida wayarta ta yi ƙara.

"Suna: Mai Neman Kujera. Saƙo: Gwaji ne. In ya iso, ki daina ɗaure fuska."

Ta amsa masa: "Ya iso. Fuskata ce."

Shi ke nan, Malam Gyara ya samu hanya. Yana da lambarta sarai, amma abin da bakinsa ya kasa faɗa a aji, ta akwatin nan yake aiko shi.

"Suna: Mai Neman Kujera. Saƙo: Yau kin fi ni gaskiya a kan launin. Kada ki faɗa wa kowa."

"Suna: Mai Neman Kujera. Saƙo: Ranar da ba ki zo ba, ko layi ɗaya ban iya rubutawa ba. Na yi kewar masifarki, 'Yar Gardamata."

Ta karanta wannan ya fi a ƙirga, ta rubuta "Ka cika surutu," ta goge, ta rubuta "Ni ma," ta tura, ta kifa wayar. Gaskiyar magana, ta kamu da son mutumin da ya fi kowa ba ta haushi, kuma wannan ma haushi yake ba ta.

Ranar da Malama ta amince a ɗora shafin kowa ya gani, Auta ta yi abin da ya kamata. Ta cire lambarta ta sa ta Baba, ta adana, ta ɗora. Abu ɗaya ta manta, faɗa wa abokin aikinta.

Ta wuce shago ta nuna wa Baba kujerunsa da gadajensa a cikin waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, ba laifi," wanda a wurinsa babban yabo ne. Mai katako da ɗansa suna wurin, sun kawo kaya. Ana cikin haka wayar Baba ta yi ƙara.

"Kun ji ko? Har ciniki ya fara shigowa!" Ya sa aka kashe injin yanka, ya lalubi aljihu bai ji tabarau ba, sai ya miƙa wa ɗan mai katako wayar. "Karanta mana da ƙarfi kowa ya ji."

Yaron ya gyara murya.

"Suna: Mai Neman Kujera. Saƙo: Ina neman kujera mai cin mutum biyu, mai ƙwari, wadda za mu zauna a kai ni da ke har tsufa. Ina sonki, 'Yar Gardamata, ko da kullum sai kin ce ban iya komai ba."

Wani ma'aikaci ya juya baya yana goga sanfefa a katakon da tuni ya yi sumul, kafaɗunsa suna rawa. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ai na faɗa, Baba," in ji ɗan mai katako, "wannan ba karatu ba ne."

Baba ya karɓi wayarsa, ya ɗauke laftof ɗin ya kulle a kabad, ya miƙa hannu ta ba shi tata wayar.

"Wuce gida. Makaranta kuma an gama."

Malam Gyara bai san wainar da ake toyawa ba. Ya ga kujerarta babu kowa, ya kira waya a kashe, sai ya ɗauka maganarsa ce ta yi nauyi. Me zai yi? Ya koma akwatin saƙo! Wayar Baba ta shiga uku. Yana tsaka da awo ta yi ƙara, yana cin abinci ta yi ƙara. Har yanzu bai ga tabaraunsa ba, ya kuma rasa wanda zai ba karatu a shago, dole ya riƙa kai wa Mama.

"Karanta min, me kuma ya ce?"

Mama ta karanta tana danne dariya.

"Saƙo: In maganata ce ta ɓata miki rai, na janye ta, amma ki dawo aji. Kin fi ni iya aikin nan, kada ki bar shi saboda ni."

Baba ya yi tsaki.

"Saƙo: Ban ɓoye niyyata don wasa ba. Jira nake ki gama, in sa kawuna ya je wurin Baba. Tsoronsa nake ji, an ce ba ya dariya."

"Wa ya ce ba na dariya?" in ji Baba a fusace.

"Ka ji na ce wani abu?" Mama ta ajiye wayar. "Yarinya ta karya maka sharaɗi, ban hana ka fushi ba. Amma tun da kake jin saƙonnin nan, ka ji kalma ɗaya ta banza?"

Daga ƙarshe Baba ya ce ta rubuta wa yaron amsa. "Mai Neman Kujera, ka zo shago gobe ka ga kujerar."

Bawan Allah ya ga baƙuwar lamba, ya yanke wa kansa cewa Auta ce ta ari waya. Ya sha guga, ya iso shago yana murmushi, sai ya yi kiciɓis da dattijo riƙe da guduma, da Mama a gefe, da Auta a bayanta tana ta yi masa alama da ido.

"Kai ne mai neman kujera?"

Murmushin ya bushe. Ya durƙusa cikin garin katako da fararen kayansa.

"Ni ne, Baba."

"Gidana ba shi da ƙofa ne, da za ka biyo min ta cikin waya? Ka sa an karanta ni a gaban ma'aikatana."

"Laifina ne, Baba. Akwatin na ciniki ne, ni na mayar da shi abin da ba shi ba. Ita aikinta ta yi daidai. Ka hukunta ni, amma don Allah ka bar ta ta ƙarasa karatu."

"Ba laifinsa ba ne," Auta ta yi wuf ta ce. "Ni na canza lamba ban faɗa masa ba."

"A'a, ni ya kamata in duba kafin in tura."

"Da me za ka duba? Kai da ko rufe sashe ba ka iya ba?"

"Wa ya koya miki adanawa?"

"Ka ji shi ko, Mama? Sai ya tayar da wannan maganar!"

"Kai, ya isa!" Baba ya buga guduma a teburi. "Ni aka yi wa laifi, amma kun hana ni ko yin faɗan!"

Sai wayar ta sake ƙara. Baba ya dubi aljihunsa, ya dubi yaron da ke durƙushe hannu babu komai.

"In kai ne kuma, yau sai na ga ta inda kake yi."

Mama ta karanta. Wata mata ce mai buɗe makarantar yara, ta ga teburan a shafin, tana tambaya ko ana yin ƙanana, kuma ko za a sa mata hotonsu ta gani.

"Ana yi mana," in ji Baba. "To, yaya ake sa hoton?"

Kowa ya zuba wa kabad ido. Baba ya ja dogon numfashi, ya ciro makulli ya miƙa wa Auta.

"Ɗauki abinki, ki koma makarantarki. Kai kuma tashi, ka ɓata kayanka. Ka ce wa kawunka ina nan, kuma ya zo da ƙafarsa, kada ya turo min saƙo."

Ɗan mai katako ya ci gaba da kawo kaya, amma bai ƙara kiran aikinta wasan yara ba. Har ya taɓa tambayar ko za a yi wa nasu shagon irin wannan shafin.

Bayan sun karɓi takardar kammalawa aka ɗaura aure. Baba ya rufe kansa a shago ya ƙera kujera mai cin mutum biyu, bai bar kowa ya buga ko ƙusa ɗaya ba, ya sa aka kai musu.

Kwana kaɗan sai ga shi da Mama a gidan amarya, fuska a murtuke, waya a hannu. Ya tarar da su a kan kujerar suna gardamar inda za a ajiye teburin aiki.

"Abin nan naku ya lalace," ya ce. "Na zauna da kaina na rubuta muku saƙo a akwatin, na danna, sai ya dawo min."

Auta ta dubi mijinta.

"Kada ka soma," ta ce a hankali.

"Ban ce komai ba, 'Yar Gardamata."

"Baba, ai duk abin da aka rubuta a nan wayarka yake zuwa," in ji Auta.

"To ni na sani? Ba ni wayata."

Amma Mama ta riga ta karɓe, ta gyara murya. Baba ya juya yana duba ƙafar kujerar kamar ya ga wani aibu.

"Suna: Kafinta. Saƙo: Mai Neman Kujera, kayanka sun iso, kuma a shagona ba a mayar da kaya. Ka riƙe min Auta da kyau. Ku yi gardamarku, amma kada ɗaya ya tashi ya bar ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari, ya sa ku tsufa a kanta."

"Amin," suka ce a tare, karon farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Auta ta share hawaye, ta matsa gefe, ta jawo hannun mahaifinta ta zaunar da shi a tsakiyarsu. Kujerar ta ɗauke su su uku, ko ƙara ba ta yi ba.