Makunnin da Ba Ya Kashe Komai

Sufeto bai gama rataye hularsa ba wani mutum ya faɗo caji ofis yana haki, hannunsa riƙe da wuyan rigar wani dattijo. A bayansu mace ce, ranta a ɓace, tana ta cewa ya sake shi.

"Yallaɓai, ɓarawo na kawo!"

"Sake shi tukuna. Mu ma nan ba ma shaƙe mutane da sassafe."

Ga yadda abin yake. Mutumin nan, maigidan, ya ƙara ɗaki da banɗaki a bayan gidansa don mahaifiyarsa. Saura a ja wuta kawai. Ya sayo sabon akwatin rarraba wuta ya kulle a ɗakin, yau da safe aka nemi akwati aka rasa. Makulli biyu ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun mai aikin wutar, wato dattijon nan da kowa ke kira Tartsatsi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Tartsatsi yayan matar maigidan ne, wadda ta biyo su, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Tun ina saurayi nake shiga gidajen mutane," in ji Tartsatsi. "Ko ƙusa ba a taɓa nema a wurina ba. Yau mijin ƙanwata ya ja ni a titi yana kirana ɓarawo. Wa zai sake ba ni makullin gidansa?"

Sufeto ya ji tausayinsa har zuciya, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya mayar da hularsa kai, ya dubi sajensa. "Saje, mu je."

Sabon ɗakin na warin siminti da ɗanyen fenti. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau. A ƙasa ga shatin kwali a cikin ƙura, inda akwatin ya zauna. Kusa da shi ga naɗin waya mai kauri, sabuwa fil, ga kuma injin huda bango.

"Wanne ya fi tsada, wayar nan ko akwatin?"

"Wayar mana, nesa ba kusa ba," in ji maigida.

"Ikon Allah. Ɓarawon naka mai kunya ne ke nan, ya bar nama ya ɗauki ƙashi."

Sufeto ya ɗaga kai. Ba a sa silin ba tukuna, kuma tsakanin saman bangon baya da rufin kwano akwai tazarar da mutum zai iya ratsawa in ba shi da tumbi.

"Mene ne a bayan bangon nan?"

"Shagon mai aski ne. Mutumin kirki, maƙwabcinmu tun da muka tare."

Suka zauna a falo, uwargida ta kawo ruwa ta dire a gaban kowa ban da mijinta. Sufeto ya yi kamar bai gani ba.

"Tartsatsi, yi min bayani kamar ga wanda bai san komai ba. Me ya sa sai an sayi sabon akwati?"

"Hanya biyu ce, yallaɓai. Ko a kafa ƙaramin akwati a sabon ɗaki, a ja masa waya ɗaya daga tsohon, ba a taɓa komai na cikin gida ba. Ko kuma a cire tsohon gaba ɗaya, a sa babba mai ɗaukar gidan duka, irin wanda ke yanke wuta da kansa in ta taɓa ruwa ko mutum. Tsohuwa za ta riƙa shiga banɗaki ita kaɗai, shi ya sa na ce babba."

"Kowa ya yarda?"

"Ni da farko ƙarami na so," in ji maigida. "Mai aski ma ya yi ta ba ni shawara, wai babban ɓarnar kuɗi ne, wai Yaya so yake ya ci riba a kaina."

"Ka ji ko?" uwargida ta ce. "Mai aski ya zama injiniya, yayana ya zama ɓarawo. Duniya ina za ki da mu!"

Tsohon akwatin yana lungun kicin, murfinsa ya yi baƙi da hayaƙi. Sufeto ya buɗe, ya sa Tartsatsi ya nuna masa makunnan ɗaya bayan ɗaya. Wannan na fitilu, wannan na soket, wannan na kicin, wannan na injin ruwa.

"Na ƙarshen nan fa?"

"Wannan ba ya kashe komai. Na taɓa sauke shi na zagaya gidan kaf, ko ƙwan fitila ɗaya bai mutu ba."

"Yaushe ka gwada?"

"Da asuba, kafin in fita wani aiki. Ai na ce ranar da zan cire tsohon, kowace waya sai na bi ta har ƙarshenta. Wadda ba ta da uba in datse ta."

"A gaban wa ka faɗi haka?"

Tartsatsi ya sosa ƙeya. "Ina jin a kan kujerar aski nake."

Sufeto ya rufe murfin a hankali, yana danne murmushi.

Shagon askin ɗan ƙarami ne amma tsaf-tsaf. Fanka na juyawa, rediyo na tashi, fitilu zagaye da madubi. Mai askin siriri ne kamar tsinke, bakinsa kuwa ya fi almakashinsa sauri.

"Yallaɓai, sannu da zuwa! Wallahi abin ya dame ni. Ɗan'uwa ya cuci ɗan'uwa, ina amana? Ni fa ban ma san ana aikin wuta a gidan ba."

"Ashe? Na ji an ce kai ka ba da shawarar ƙaramin akwati."

"Au, wannan? Hira ce kawai ta maƙwabta."

"Wutarka daga ina?"

"Ga mitata can a waje, yallaɓai, ba na wasa da ita."

Sufeto ya leƙa. Mitar na nan kam, sai dai fuskarta a mace take, gizo-gizo har ya yi gida da iyali a kanta. Ya dawo fuska a sake.

"Saje, kanka ya yi gashi kamar ba ma'aikaci ba. Zauna a rage maka, ni zan koma in ƙarasa da wancan dattijon."

Saje ya zauna yana murna, don a ganinsa yau ya samu aski a aljihun oga. Kaico, bai san shi ne tarkon ba.

Sufeto ya koma kicin, ya kira maigida da matarsa da Tartsatsi. Ta bango suna jin rediyo da kukan injin aski. Ya dakata sai da ya tabbata aiki ya yi nisa, sannan ya sa yatsa ya sauke makunnin da ba ya kashe komai.

Rediyo ya yi tsit. Injin aski ya yi tsit.

Sai ga muryar Saje ta keto bango: "Kai! Ƙarasa min mana! Haka zan fita?"

Uwargida ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Sufeto ya ɗaga makunnin, rediyo ya dawo. Ya sake saukewa, ya mutu.

Da suka isa shagon, Saje na tsaye da ƙyalle a wuya, rabin kansa tal kamar ƙwarya, rabi kuwa daji. Mai aski ya jingina da bango, injin a hannu, gumi na zuba.

"Ina akwatin?" in ji Sufeto.

Bai ko yi gardama ba. Ya durƙusa ya jawo kwalin daga ƙarƙashin bencin da masu jiran layi ke zama, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Yallaɓai, da na kama shagon nan na tarar da soket ɗaya yana kawo wuta. Ban tambayi daga ina ba. Da na gane, daɗi ya riga ya kama ni, na ja wa fanka, na ja wa madubi. Da na ji za a bi wayoyi, na san asirina ya tonu. Na ce in babban ya ɓata, dole su haƙura da ƙarami. Ta saman bango na shiga."

"Ka kuma zuba ido aka ja dattijo a titi saboda kai."

Mai aski ya sunkuyar da kai. Saje ya danna masa ankwa da ƙarfin da ya ɗan wuce na aiki, ya kifa hula a kan abin kunyarsa, ya tasa shi gaba. Kafin su kai bakin titi unguwa ta cika, hular kuma ta ƙi rufe komai, yara da manya sai shewa suke.

Maigida ya matso kusa da Tartsatsi, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, don Allah ka yi haƙuri."

"A'a," in ji uwargida. "Ba a raɗa ka kira shi ɓarawo ba. A titi ka ɓata shi, a titi za ka wanke shi."

Maigida ya dubi Sufeto ko zai cece shi. Sufeto ya ɗaga kafaɗa. "Wannan hukuncin ya fi ƙarfin ofishina."

Sai maigida ya hau kan tarin bulo da ya rage a ƙofar gida, ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Jama'a, ku saurara! Ni na yi wa surukina ƙazafi. Tartsatsi ba ɓarawo ba ne, bai taɓa zama ba! Duk mai aikin wuta ya ba shi makullin gidansa ya tafi kasuwa hankali kwance!"

Aka ɗauki tafi. Wata mata daga can baya ta ɗaga hannu tana cewa fankarta ta kwana biyu ba ta juyawa, ya biyo ta gidanta in ya gama.

Tartsatsi ya goge ido da bakin hannun riga, yana dariya yana hawaye. Can ya dubi mijin ƙanwarsa da ke tsaye a kan bulo.

"Sauko haka nan kafin ka karye," ya ce. "Zo ka riƙe min tsani, tsohuwa na jiran ɗakinta."