Sababbin Takardu a Jan Ambulan

Shekara sha ɗaya Lok Kam Fai yana raba kati a wani gidan caca a Macau. Ya san sirrin sarai: gida ba ya jiran sa'a. Ko ka ci, sai ya yanki ɗaya cikin ashirin. In ka daɗe a zaune ya cinye ka. Amma kwaɗayi ya rufe masa ido.

Kwana ukun farko na Sabuwar Shekarar Sinawa kaɗai aka yarda ma'aikatan gidan caca su buga. Ana saura mako ya tafi Coloane, wurin wani tsohon boka, Pun. Ɗaki ba taga, hayaƙin turare ya turnuƙe, ga kan zakara a gaban gunkin da aka ɗaure wa ido.

"Baba, kwana ukun nan nake so in ci."

"Za ka ci. Amma gunkin nan ma yana yankar kasonsa, kaɗan-kaɗan, a jikin duk wanda aka yi wa kyauta da kuɗin."

"Kyauta? Ni? Ko sisi!"

Pun ya tsaga masa yatsa, ya shafa jinin a bakin gunkin.

Ranar farko ya dawo da jaka shaƙe da pataka, kuɗin Macau, sababbi fil. To, a al'adarsu ba a sa tsohuwar takardar kuɗi a jan ambulan na kyautar barka da shekara. Matarsa ta ga sababbi, ta cika ambulan da su. Bai san kuɗin cacar ne a ciki ba, shi da hannunsa ya miƙa wa uwarsa, da ƙanensa, da 'yarsa tilo Sio Man.

Ya sayi bene, ya sayi mota. Uwar ta fara ramewa, wata huɗu aka binne ta. Ƙanen ya bi. Da matar ta ji gaskiya sai ta haukace, ta wuni tana yaga takardun kuɗi da haƙori. Sio Man kuwa kullum sai gashi ya ragu, nama ya ragu.

Ya ruga wurin Pun da jaka, yana kuka. "Baba, karɓi duka, a bar mini yarinyar!"

"Haba ɗana. Duk shekarunka a teburi, ka taɓa ganin gida ya mayar?"

Ran da Lok ya ɗauki Sio Man zuwa makwancinta, da hannu ɗaya ya ɗaga ta. Shekararta goma sha biyar.

Kai mai neman arzikin tsafi, ka ji da kyau: ba kai za a fara yanka ba, sai an sa ka kallo.