Mai Gadin Da Ba a Karɓa Ba

Duk shekarun da Kwamanda Baraka ya yi a sojan ruwa a Jidda, da doka ɗaya aka san shi: mai gadi ba ya barin wurinsa sai wani ya karɓe shi. Ko ranar da igiyar ruwa ta share wani ƙaramin soja, Rakan, daga kan jirgi yana kan gadi, bai ga laifin dokar ba.

Da ya yi ritaya ya koma gidan iyayensa a unguwar Tandabawi ta Makka. Ran nan yana dawowa daga sallar isha, sai ya ji ƙarnin teku a lungunsu. Makka ta yi watanni ba ruwan sama, amma ƙasa jiƙe take.

A bakin ƙofarsa wani ya ƙame, kakinsa na ɗiga, bindiga a kafaɗa. Ya sara masa.

"Sidi, har yanzu ina kan gadi."

Muryar kamar daga cikin randa take fitowa. Baraka ya gane ta, ta Rakan ce.

"Na sallame ka, ɗana. Yalla, tafi."

"Haba Sidi, ai kai ka koya mana. Ba a tafiya sai an karɓa."

Baraka ya waiwaya, babu kowa a lungun sai shi. Ruwan sanyi ya kai masa idon sawu. Rakan ya miƙo masa bindigar.