Mai Taga Uku

Ranar da Djamila ta fara ganin Samir, ba fuskarsa ta fara gani ba. Yatsansa ta gani, jajur da manja, yana jan shi a kan fuskar tablet.

Ta je ɗan shagonsa na bakin titin Zongo a Lomé ne don ta aika wa wata mata a unguwar Kégué turaren wutar da ta haɗa. Aikin Samir shi ne raba wa 'yan zemijan, wato masu baburan haya, kayan da za su kai unguwa-unguwa. Ta same shi da tablet a kan gwiwa, yana cin koliko, soyayyar doya da kifi da yaji, kuma da hannun da yake ci da shi yake aiki. Ya raba fuskar tablet ɗin gida biyu: rabi taswira ce da ɗigon baburansa suna yawo, rabi saƙonnin masu kaya. Can a kusurwa kuma ga wata 'yar taga ana buga ƙwallo.

"Salamu alaikum," in ji Djamila.

"Wa alaikumus salam, ina za a kai? Abdoul, ba nan ba, bi ta bayan stade! Kai, wannan ai penalti ne! Ina kika ce, madame?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya miƙo mata tablet ɗin ya ce ta sa hannu a ƙasa. Djamila ta duba. Maiƙo ne a kan maiƙo, na yau a kan na jiya, ga wata 'yar ƙayar kifi manne a gefe.

"Allah ya kiyaye! Ni in taɓa wannan? C'est dégoûtant!"

Sai a lokacin ya ɗago kai. Ya dube ta, ya ci gaba da dubanta, har fuskar tablet ɗin ta dushe ta mutu da kanta. 'Yan zemijan da ke zaune a benci suka rantse shekara biyu suna aiki da shi ba su taɓa ganin abin nan ya yi duhu ba.

Djamila ta ja tsaki, ta sa hannu da bakin mayafinta, ta fita. Da ta isa gida sai da ta wanke mayafin.

Kashegari da hantsi saƙo ya shigo mata:

"Ina kwana, mai turare. Na goge tablette da sabulu saboda ke. Shagona har yanzu ƙamshinki yake."

Ta yamutsa fuska, ta ajiye wayar, ta sake ɗauka ta karanta. Ta yi haka sau huɗu, kuma kowane karo da tsaki.

Haka dai aka fara. Samir ba mugun mutum ba ne, yana da fara'a, yana da kyauta, ga idanu masu sa mace ta manta abin da ta zo faɗa. Matsalar ɗaya ce, idanun nan ba sa zama wuri ɗaya. In ya zo zance bayan la'asar, a ƙofar gida, zai ce mata "Mila tawa" da murya mai taushi, yatsansa kuwa yana can yana tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan. Ta sa masa suna Mai Taga Uku, shi kuma don rashin ta ido har daɗi sunan ya yi masa.

Wata rana ya turo mata:

"Ma chérie, tun safe zuciyata take wurinki, ba na iya buhun gawayi biyu, Akodésséwa, kusa da famfo, a kira kafin a iso."

Djamila ta karanta, takaici ya cika ta har wuya. Ta amsa:

"Allah ya kai gawayi lafiya. In ka gama da shi ka ƙarasa mini abin da ba ka iya."

"Pardon, Mila! Hannuna ya zame tsakanin appli biyu. Ba na iya rayuwa ba ke ba, shi zan ce."

"Da tablette ko ba da ita ba?"

Bai amsa wannan ba sai bayan minti ashirin. An ci ƙwallo a tsakani.

Duk da haka tana sonsa, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

To, a gidan su Djamila akwai wata ƙa'ida da duk Zongo ta sani. Mahaifinta, Alhaji Kimba, tsohon mai fataucin shanu ne, kuma duk wanda ya zo neman 'yarsa sai ya zauna a zaure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya saurari labarin yadda ya koro shanu da ƙafa daga Gaya har Lomé yana saurayi. Labarin dogo ne. Surukansa biyu na farko sun sha shi, 'ya'yansa sun sha shi tun suna goye, har a gidan in Baba ya ce "A shekarar da muka bar Gaya," kowa sai ya tuna da aikin da ya bari.

Akwai kuma wani manemin, Rachid, mai shagon atamfa a kasuwar Assigamé. Fes-fes yake, farcensa a yanke, wayarsa a aljihu. Juma'a uku yana zuwa zaure yana zama kamar an dasa shi, yana gyaɗa kai yana "Allahu akbar, Baba" a kowace gaɓa. Alhaji Kimba ya yaba da ladabinsa. Djamila kuwa ko muryarsa ba ta son ji, ba tare da ta san dalili ba.

Ranar da Samir zai zo, ta roƙe shi.

"Don girman Allah, Mai Taga Uku, ka bar abin nan a shago."

"Mila, sa'a biyu fa. Babura tara suna kan hanya. Zan rufe komai, wallahi."

Ya zo da shi. Ya durƙusa ya gaida Alhaji yadda ya kamata, ya zauna gefen Rachid, tablet a kan cinya. Djamila tana bayan labule tana tsince shinkafa, tana leƙe. Baba ya bar Gaya, ya wuce Kandi, ya wuce Djougou. Kan Samir a sunkuye, yatsansa na motsi. Zuciyar Djamila na tafasa.

Alhaji ya iso wani kogi kafin Sokodé, da damina, ruwa ya cika. Muryarsa ta yi ƙasa. Sai kawai wata murya ta fashe daga cinyar Samir, da ƙarfin da ya girgiza zauren:

"Buuuut! Quel but!"

Ihun 'yan kallo ya biyo baya. Samir ya rikice yana danne-danne, ya rufe ƙwallon ya buɗo saƙon murya, Abdoul ɗan zemijan yana ta zagin wani mai mota da yaren Mina.

Da aka samu shiru, Alhaji Kimba ya daɗe yana kallonsa irin kallon da ake wa abin da aka tako a hanya.

"Tashi ka je ka ƙarasa kallon ƙwallonka," ya ce. "Ba na ba da 'yata ga wanda ba zai iya ba ni kunnensa na sa'a ɗaya ba."

Djamila ta kife tiren shinkafar a kan tabarma ta shige ɗaki. Ba ta yi kuka ba a ranar. Ƙyama ce ta hana ta, ƙyamarsa da ta kanta da ta so shi. Ya turo saƙo goma sha ɗaya, ta amsa ɗaya:

"Ka kunyata ni gaban mahaifina. Ka auri tablette ɗinka, ku haifi appli."

Mako ya zagayo, Alhaji bai sake ba da labarin ba, ko da Rachid ya zo. Ya dai ce wa mahaifiyar Djamila in Juma'a mai zuwa ta yi zai ba Rachid amsa, kuma kowa ya san wace amsa ce.

Ran Laraba da azahar Abdoul ya tsaya da babur a ƙofar gida, ya miƙa wa Djamila leda. Tablet ɗin ne a ciki, da 'yar takarda:

"Mila tawa, ki riƙe mini ita. Na koma aiki da takarda da biro. Ba na neman ki yafe, laifina ne."

Ta ɗaga shi da yatsu biyu. Maiƙon ya dawo, har da na wake da mai. Ba za ta iya barin wannan ƙazantar ta kwana mata a ɗaki ba, don haka ta samo tsumma da ruwan sabulu ta hau gogewa tana tsaki. Tana cikin goga fuskar ta kawo haske.

A rabe take gida biyu yadda ya bar ta ranar Juma'a. Sai dai taswirar ba ta Lomé ba ce. Hanya ce doguwa daga Gaya, an ɗiga mata alama a Kandi, a Djougou, a wasu ƙauyukan da Djamila ba ta taɓa jin sunansu ba. Ɗaya rabin kuwa rubutu ne: shanu arba'in da ɗaya, bajimi mai karyayyen ƙaho, rijiyar da aka hana su ruwa, ƙanen Baba mai suna Iddi. Layin ƙarshe ya tsaya a tsakiya: "Iddi ya shiga ruwa da bajimin, sai"

Djamila ta zauna a bakin gado, tsumman a hannunta. Ashe bin Baba yake yi a taswira. Ƙwallon ya bari a buɗe ta baya, sakarci irin nasa, yatsa ya zame ya fito da shi. Amma ba wannan ne ya sanyaya mata jiki ba. Shekararta ashirin da huɗu a gidan nan, ba ta san mahaifinta yana da ƙane mai suna Iddi ba. Kullum in an zo Djougou tana tsintar shinkafa ne, ko kitso, ko duba waya.

Ta rubuta masa: "Ka zo Juma'a. Hannu biyu kawai, kuma a wanke."

Juma'a ta yi. Rachid na zaune cikin farar shadda sai ga Samir ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Alhaji ya amsa sallamar don ta Allah ce, ya kau da kai.

Rachid ya gyara murya. "Baba, a ci gaba mana da labarin nan mai daɗi. Vraiment, ina kewarsa."

"To," in ji Alhaji. "A ina na tsaya?"

Rachid ya yi murmushi. Ya dubi rufin zaure. "Wajen... wajen da kuka iso Lomé lafiya, Baba. Da raƙuman."

"Raƙuma," in ji Alhaji a hankali.

Daga bakin ƙofa Samir ya ce, "Baba, a yi mini izini." Ba a ce masa e ba, ba a ce a'a ba, sai ya ci gaba. "Kun tsaya a bakin kogi kafin Sokodé. Kun kwana biyu kuna jiran ruwa ya janye bai janye ba. Shanu arba'in sun haye. Bajimin nan mai karyayyen ƙaho ya ƙi, sai Iddi ya ce shi zai ja shi, don maganarsa kaɗai bajimin yake ji. Ya shiga ruwa da shi. A nan na katse ku da rashin hankalina." Ya sunkuyar da kai. "Baba, mako biyu ke nan abin yana damuna. Iddi ya haye?"

Djamila ta ajiye komai, ta matso jikin labule.

Alhaji Kimba ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Bajimin ya haye," ya ce. "Iddi bai haye ba. Shekararsa goma sha tara. Gaskiyar ita ce, ni na ce masa ya shiga." Hawaye ya bi gemunsa. "Shekara arba'in da biyar ina ba da labarin nan. In na kai inda ya shiga ruwa sai in tsallake in ce mun iso Lomé, ina jira wani ya ce mini, to ina Iddi? Ba wanda ya taɓa tambaya. Har waɗanda na haifa."

A bayan labule Djamila ta toshe bakinta da mayafi tana kuka. Rachid ya duba agogo, ya ce an bar shago ba kowa, ya nemi takalmansa.

Alhaji ya share fuska ya dubi Samir. "Matso nan kusa. Kai sakarai ne, amma kana ji. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin unguwa, aka raba goro da dabino. 'Yan zemijan tara suka rako ango a jere suna ta hon har Zongo ta ɗauka. Kafin a shafa fatiha Alhaji Kimba ya roƙi liman a sa ƙanensa Iddi cikin addu'a, karo na farko da aka ambaci sunan a bainar jama'a a Lomé. Ya sa wa ma'auratan albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai sauraro, jama'a suka amsa da amin.

Washegari da safe Djamila ta miƙa wa angonta tablet ɗinsa, fes, yana ƙamshin turare.

"Ga ta nan. A shago ka buɗe taga goma in ka so. A gidana taga ɗaya ce. Kuma in na sake ganin manja a jikinta, Mai Taga Uku, a rijiya za ka same ta."

Samir ya karɓa ya kunna, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan sama. Ya ajiye shi a kan tabarma.

"Mila tawa, ba ki taɓa gaya mini wa ya koya miki haɗa turare ba."

Ta harare shi, sannan ta zauna ta fara ba shi labari. Tana cikin magana fuskar tablet ɗin ta dushe ta mutu da kanta, kuma babu wanda ya lura a cikinsu.